Asibitin kunne ko asibitin koyarwa? Ga mai shirin karantar tiyatar kunne, hanci da maƙogwaro

Ƙannena likitoci da suka gama hausjob, wato shekarar horon farko a asibiti bayan digiri, suna bautar ƙasa ko sun gama, masu sha'awar ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro, ENT dai yadda muke faɗa a asibiti, kusan tambayarsu ta farko ɗaya ce: jarabawar wace kwalejin ƙwarewa zan rubuta, National ko West Africa? Zan amsa, amma gaskiya ba wannan tambayar ce za ta nuna irin likitan da za ka zama ba. Wadda ta fi ta nauyi ita ce a ina za ka kwashe shekara biyar ko shidan nan, waye zai tsaya a kanka yana kallon hannunka, kuma wane irin mara lafiya ne zai riƙa shigo maka safe da yamma. Mu 'yan Kaduna Allah ya yi mana gata, asibitin kunne na ƙasa yana nan cikin gari, ga asibitin koyarwa na ABU a Shika ta Zariya, tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai, ga asibitin koyarwa na jiha, Barau Dikko, ga na Malam Aminu Kano a Kano idan ka ƙara gaba. Toh kaga dole mutum ya zauna ya auna.

Bari mu sallami maganar kwalejojin tukuna. National, wato NPMCN, doka ce ta kafa ta a 1979, tana Ijanikin kan hanyar Badagry a Legas, wanda ya gama da ita a fanninmu shi ne mai FMCORL. West Africa kuwa, WACS, asalinta ƙungiyar likitocin tiyata na Afirka ta Yamma ce da aka fara a 1960, ofishinta na Yaba, wanda ya gama da ita shi ne mai FWACS. Kowacce tana da tsangayar ENT tata, kowacce matakai uku ne, firamare da fat wan da fat tu, kuma kowacce sau biyu take jarabawa a shekara. Duk wadda ka kammala kai konsoltan ne, wato ƙwararren likita, a Najeriya, babu wanda zai ce maka naka bai kai ba. Inda suka bambanta shi ne takardar West Africa an san ta a Gana da Gambiya da Saliyo da Laberiya, ita kuma National ita ce ta gida, ita dokar horar da likitoci ta 2017 ta ɗora wa nauyin kula da horon, kuma kuɗin nan na MRTF da ake ba likitoci masu neman ƙwarewa domin jarabawa da kwasa-kwasai ta wajenta ake tantance masu samu. Wanda ya bi yajin aikin NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, na 2023 zai tuna cewa cikin buƙatunsu har da ƙorafin rage darajar takardar membashif ta West Africa, wadda ake samu bayan fat wan, da MDCN, hukumar rajistar likitoci, ta yi. Saboda haka ni dai shawarata, in kuɗin fom ɗaya ne a hannunka kuma a nan gida kake nufin zama, fara da National. In Allah ya hore, rubuta duka biyun, domin karatu ɗaya ne, lokutan jarabawar ma suna kusa da juna, sai ya zama dama huɗu kake da ita a shekara ba biyu ba, kuma wallahi ranar da fat wan ta ƙi a ɓangare ɗaya za ka gode wa Allah da kana da ɗayan.

Shi karatun firamare ba na ENT ba ne yadda wasu ke zato, ilimin tushe ne ake dawo da kai. Anatomi na kai da wuya, ƙashin da kunne ke ciki da duk ramukansa, jijiyoyin kai goma sha biyu musamman ta bakwai da ta takwas da ta goma, yadda wuya da fuska ke haɗuwa tun yaro na ciki, yadda ake ji da yadda jiki ke tsayuwa ba jiri, sai fatoloji da magunguna. A kwamfuta ake rubutawa. Lokacin bautar ƙasa shi ne lokacin karatun, domin bayan nan aure da lokum, wato aikin wucin gadi a wani asibiti, da hidimar gida za su cinye ka. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku riƙa warware tsofaffin tambayoyi, amma kar ku tsaya a haddace amsa, ku koma littafi ku ga dalili. Kuma ka sani sakamakon firamare yana da wa'adi, ba abin da za ka ci ka ajiye a akwati shekara da shekaru ba ne.

Toh yanzu ga babbar maganar.

Asibitin kunne, National Ear Care Centre, na gwamnatin tarayya ne, an kafa shi a 1999, yana wajen filin golf ta Independence Way. Aikinsa ɗaya ne tak, kunne da hanci da maƙogwaro. Duk wanda ka gani a layin kati matsalarsa taka ce. Ɗakin tiyata naku ne, ba ku jiran ranar da za a ba ku, ba ku rigima da masu haihuwa ko masu ƙashi a kan tebur, gadajen wod naku ne, nas ɗin da ke tsaye kusa da kai fannin ta karanta domin akwai makarantar horar da nas-nas na fannin a wajen, ita da kanta ta san yadda ake kula da bututun da aka sa wa mutum a wuya don numfashi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga sabon rejistara, wato likita mai neman ƙwarewa, da tsakar dare. Marasa lafiya kuma daga ko'ina ake turo su, Katsina, Zamfara, Neja, Filato, Abuja. Idan kunne ne ya ja ka zuwa wannan fanni, nan ne wurin da idonka zai ƙoshi. Yaron da kunnensa ke zubar da mugunya tun yana goye har ya shiga firamare, matashin da dodon kunnensa ya huje, yarinyar da sanƙarau ko ƙyanda ko hangum ya tafi da jinta, dattijon da aka yi ta ɗirka wa allurar jentamaisin a kemis har ya daina ji, jaririn da ya yi shawara mai tsanani iyaye ba su gane baya ji ba sai da sa'anninsa suka fara magana. Kuma gwajin ji iri-iri, na babba da na jariri, da sa na'urar ƙara ji, da koyar da magana, duk a gabanka ake yi, ba a takarda kawai za ka gani ba.

Me ya sa yawan nan yake da muhimmanci? Saboda tiyatar kunne aikin hannu ce da ake yi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kana riƙe da injin goge ƙashi, kuma jijiyar da ke motsa fuska tana nan kwance cikin ƙashin da kake gogewa, ka kauce kaɗan bakin mutum ya karkace har abada. Irin wannan aiki kamar ɗinkin hula ne, ba a iya shi da kallo, sai hannu ya maimaita ya sake maimaitawa. Inda ake yin aikin duk mako kuma ku kaɗai ne a kansa, hannunka zai faɗa da wuri.

Amma fa fanni ɗaya yana da nasa gibin, kuma bai kamata a ɓoye maka ba. Shekarun farko na horon nan ba ENT zalla ba ne, kwaleji tana so ka zaga tiyata ta gaba ɗaya, da ta ƙwaƙwalwa, da ta gyaran fata, da ta muƙamuƙi da fuska, da sashen sa barci, da na gaggawa. Asibitin da fanninsa ɗaya ba shi da waɗannan sassan duka a cikinsa, dole a tura ka waje, wato ka tattara ka koma wani asibitin koyarwa na watanni, ka nemi ɗaki, ka bar iyali ko ka riƙa zirga-zirga a hanya, kuma a can kai baƙo ne, 'yan gida ake fara kira idan aiki ya zo sai in ka nuna naci. Sannan idan mara lafiyarka yana da ciwon zuciya ko ƙoda ko mugunyar kunne ta haura ƙwaƙwalwa, likitan da kake buƙata ba a bene na gaba yake ba.

A nan ne asibitin koyarwa yake da ƙarfi. A Shika ko Kano ko Sakkwato ko Jos, ENT sashe ne ɗaya cikin sassa da yawa, kuma duk zagayen da kwaleji ke nema galibi a gida za ka yi shi. Wanda aka kwaso daga haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya fuska ta farfashe, wanda aka harba ko aka sara a wuya, mai ciwon dajin maƙogwaro da ya zo numfashi na fita da ƙyar, yaron da ya sha sodar haɗa sabulu, jaririn da aka haifa hancinsa a toshe, duk nan ake kawo su domin suna buƙatar hannaye da yawa lokaci ɗaya. Za ka tsaya tebur ɗaya da likitan ƙwaƙwalwa da na muƙamuƙi da na ƙirji, ka ji yadda suke tunani. Ga sashen kulawa ta musamman, ga masu duba nama a madubi suna nan kusa ka taka ka same su, kuma a Shika akwai sashen gashin ciwon daji, wanda ba kowane asibiti a Arewa ke da shi ba. Duk wanda zuciyarsa ke kan ciwon dajin kai da wuya, cire maƙogwaro, share ƙululun wuya, aikin maƙoƙo, to ya san wannan aikin ba na mutum ɗaya ba ne, kuma mutanenmu a makare suke zuwa, sai an gama zaga masu magani da masu sakiya, saboda haka wanda zai yi wannan fanni yana buƙatar wurin da zai bi mara lafiya daga yanka har gashi har ƙarshe. Ƙari kuma ga ɗaliban likitanci, kana koyar da su kana ƙara gane abin da kake zaton ka sani, kuma in burinka ka zama malamin jami'a wata rana, ƙafarka ɗaya tana ciki tun yanzu.

Farashinsa kuma shi ne ENT a babban asibiti ƙaramin sashe ne. Ranakun tiyata ƙidayayyu ne, gaggawar wani sashe tana iya ture aikinku a ce sai wani mako, gadajenku 'yan kaɗan ne a wod ɗin da kuke rabawa da wasu, idan za a sayo kaya kuna layi da kowa. Konsoltan ma sau da yawa ba su da yawa, wanda hakan yana iya zame maka alheri in ka samu wanda ke son koyarwa domin kai ne hannun damansa, yana kuma iya zame maka cikas in babu mai yin aikin kunne sosai a cikinsu, sai ka ga siniya rejistara ya ƙware a wuya amma yana tsoron injin goge ƙashi, dole sai ya nemi a tura shi wani wuri ya cike. Abin lura a nan shi ne kowanne ɓangare yana zuwa aro wajen ɗayan, na asibitin kunne yana fita neman faɗi, na asibitin koyarwa yana fita neman yawan aikin kunne. Tambayar ita ce wanne kake so ya zama gidanka, wanne ya zama wurin aronka.

Akwai ayyukan da duk inda ka je sai ka iya su, kuma su ne za su riƙa tashinka daga barci. Buɗa wuya a sa bututu ga wanda numfashinsa ya toshe. Tsayar da haɓo, musamman da hunturu lokacin da hanci ke bushewa, ko ga mai hawan jini. Ciro gyaɗa ko wake ko dutsen ado daga hanci da kunnen yaro, da batirin agogo wanda shi ba ya jiran gari ya waye domin cin nama yake. Fil ɗin hijabi da budurwa ta riƙe a baki ya wuce hanyar iska, haƙorin roba da ya maƙale wa dattijo, ƙayar kifi. Ga kuma yaran da aka kai wa wanzami ya cire belu aka dawo da su jini ya ƙi tsayawa ko wurin ya rube. Wannan na ƙarshen yana ci min rai ƙwarai, kuma yana cikin dalilan da nake so yaranmu Hausawa su shigo fannin nan, domin uwar da za ka zaunar ka yi mata bayani da harshenta, cikin girmamawa, ba tare da ka zagi al'adarta ko wanzamin gidansu ba, ita ce ba za ta kai ƙanin yaron ba.

Sai maganar da mutane ba sa so a yi a fili, wato kuɗi da matsayin aiki. Hanya biyu ce ake shiga. Ko asibitin ya ɗauke ka aiki a matsayin rejistara yana biyanka, ko ka zo a matsayin wanda wata hukuma ta turo, sufanumarari, albashinka yana fitowa daga inda ka baro, misali ma'aikatar lafiya ta jiha ko soja, ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi musu aiki bayan ka gama. Ta farko ta fi kwanciyar hankali amma guraben kaɗan ne kuma ba kullum ake buɗewa ba, sai asibiti ya samu izinin ɗaukar ma'aikata daga Abuja, ga lissafin rabon jihohi, kuma ko an ɗauke ka albashin farko yana iya jinkiri kafin a sa ka a tsarin biya, don haka ka tanadi abin da zai riƙe gidanka na 'yan watanni. Ta biyu ta fi saurin samuwa ga wanda yake aikin jiha, amma ka karanta takardar alkawarin nan da kyau kafin ka sa hannu, shekara nawa za ka biya, waye zai ɗauki kuɗin jarabawa da na kwas ɗin fiɗar ƙashin kunne da sauran kwasa-kwasan dole, alawus ɗin kol, wato aikin jiran kira, fa. Haka kuma asibitin tarayya da na jiha ba lallai tsarin biyansu ya zo ɗaya ba, shi MRTF na tarayya ne, jiha sai in ta ɗauki dokar ta aiwatar da kanta. Wannan ya shafi mai tunanin Barau Dikko ko wani asibitin jiha, ka tambaya tun kafin ka shiga.

Ƙannena mata, na san da yawanku kuna kallon ENT saboda an ce kol ɗinsa bai kai na masu haihuwa ko tiyata ta gaba ɗaya wahala ba, kuma akwai gaskiya a ciki, yawancin aikinmu na kilinik ne da tiyatar da aka tsara. Amma gaggawarmu ta numfashi ce, minti kaɗan ne tsakanin rai da mutuwa, dole ki kasance kusa. Ki zauna da maigida ko iyaye tun yanzu a kan watannin da za a tura ki wani gari, da tafiyar jarabawa Legas ko Ibadan, kar maganar ta zo musu bagatatan. Mai ƙananan yara a makaranta a Kaduna, zama cikin gari yana da nasa sauƙi, amma ki lissafa har da watannin fita.

Wasu kuma za su ce su dai waje za su. Ba zan hana kowa ba. Sai dai ka sani a Ingila bayan jarabawar Turanci da ta samun lasisi, PLAB, sai ka yi shekarun tushe na tiyata ka ci jarabawar tiyata ta MRCS sannan ka yi takarar shiga horon ƙwarewa na wasu shekara shida, a Amurka kuma bayan jarabawar lasisinsu, USMLE, wannan fanni yana cikin waɗanda suka fi wuyar samu ko ga 'yan ƙasar. Da yawa daga masu tafiya da niyyar ENT wani fannin suke ƙarewa. In fannin ne a ranka ba ƙasar ba, ƙofar gida ta fi kusa.

Toh wanne zan zaɓa maka? In kunne da hanci ne suka ja ka, kana son aikin madubi da na kyamarar hanci, kana ganin kanka nan gaba a kilinik cike da yara masu matsalar ji, asibitin kunne ya fi dacewa da kai, ka dai ɗaura ɗamarar yin naci a watannin da za ka fita. In wuya da ciwon daji da manyan raunuka ne, ko kana son jami'a, nemi asibitin koyarwa, sannan ka roƙi a turo ka asibitin kunne na wani lokaci a shekarun siniya. In kuma har yanzu ba ka san ɓangaren da ka fi so ba, wanda shi ne halin mafi yawan masu farawa, ni na fi karkata ga asibitin koyarwa saboda za ka ga komai kafin ka tsayar. Amma kar wannan ya sa ka ƙi gurbin da ya buɗe a ɗayan kana jiran wanda ba ka san ranar buɗewarsa ba, ka nemi duka, shekarun jira ba sa dawowa. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: sashen ya kasance yana da amincewar kwalejin da ka ci firamarenta, a yanzu ba a da ba, kuma ka ji cikakkiya ce ko ta rabi, domin watannin da ka yi a wurin da ba a amince da shi ba kwaleji ba za ta ƙirga maka su ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka takardunka su zauna a fayil ɗaya tun yau: ta digiri, cikakkiyar rajistar MDCN da lasisin bana, ta gama bautar ƙasa ko ta yafewa, sakamakon firamare, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma, da sunayen manyan da za su tsaya maka, waɗanda ka je ka gaishe su ka sanar da su, ba waɗanda za su ji sunanka a waya su ce waye ba. Galibi akwai rubutacciyar jarabawa sannan intabiyu, kuma abin da ake tambaya ba ya wuce gaggawar nan da na ambata da kuma me ya kawo ka fannin. Wanda ya taɓa zama a kilinik ɗin ENT ko na mako biyu ne amsarsa daban take fita.

Saboda haka kafin a buga talla, ka ɗauki hutu ka je duka wuraren biyu, ka gaida shugaban sashe ka nemi izinin zama a kilinik da leƙa tiyata. In an tashi kar ka tsaya wajen manya kawai, ka ja rejistara ɗaya gefe, wanda ya shekara biyu ko uku a ciki, ka tambaye shi aikin da ya yi da hannunsa a watan jiya, ba wanda ya riƙe wa oga ƙarfe ba, ka ce ya nuna maka logbuk ɗinsa, littafin da yake rubuta ayyukan da ya yi, in ya yarda. Ka tambaye shi madubin tiyata da injin goge ƙashi da kyamarar hanci suna aiki yanzu haka, akwai wurin koyon fiɗar ƙashin kunne, mutum nawa suka zauna fat wan a zaman da ya wuce nawa suka haye, ana sakin mutum ya tafi kwas a kan lokaci, kuma in ya kira konsoltan ƙarfe biyun dare yaro na shiɗewa, yana zuwa ko a waya yake ba da umarni.